Jirgin da Baffa Ya Ƙera da Baki

Wata Juma'a ce cikin watan Disamba na shekarar 2011, ina 'yar shekara tara, Baffa Isiyaku ya ɗauke mu ni da ɗansa Nura muka gangara bakin ruwan Deira bayan an sauko daga masallaci. Sanyin Dubai ya ɗan shigo, irin wanda ke sa Indiyawa su naɗe kunnuwansu da mayafi, mu kuwa muna ta yi musu dariya. Muka shiga abra, ɗan kwalekwalen katakon nan mai inji da ke tsallakar da mutane zuwa ɗaya gaɓar, muka matsu a benci tsakanin wani Bapakistane mai buhun albasa da wasu Turawa biyu masu kyamara. Direban na ta faɗin "yalla, yalla", hayaƙin dizal na shiga mana hanci, fararen tsuntsaye na bin mu suna kuka. A gefe guda manyan jiragen katako ne jere, an lafta musu firji da tayoyi da katan-katan har ba ka hango mai tuƙi. Baffa ya daɗe yana kallonsu, sai ya ƙwanƙwasa bencin da yatsa ya ce, "Uwata, kin san abin da ya ci ƙasarmu? Katako. Muna zaune a kan katako, Turawa suka zo a kan ƙarfe." Kafin mu kai ɗaya gaɓar har ya fara ƙera mana jirgi da baki, ni da Nura muka saki baki muna saurare, sai da direban ya daka mana tsawa muka san an iso.

Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Abba da Baffa, shi ya sa babu ɗayansu da ke iya kiran sunana. Uwata suke ce mini, kuma ko tulu na fasa ba sa iya ɗaga mini murya. Na san haka sarai, na kuma ci moriyarsa yadda ya kamata. Mu mutanen Yawuri ne, gidan maƙera tun kaka da kakanni. Abba ne babba, shi ya fara barin guduma ya zo Dubai, ya buɗe ɗan ofishin kago a Al Buteen, yana tura wa 'yan kasuwar Kano da Yamai kayansu a kwantena. Da ya tsaya da ƙafarsa ya jawo ƙaninsa, Baffa ya sami aikin walda a wurin gyaran jiragen ruwa. Fulat ɗaya muke zaune a hawa na uku na wani tsohon bene, an raba falon da allon katako, an rataya labule a ƙofar da aka bari. Mu da Umma a wannan gefe, Baffa da matarsa Anti Balki da Nura a wancan. Kicin ɗaya, banɗaki ɗaya, esi ɗaya mai ƙugi da ke ɗiga ruwa a bokiti, kuma zubar da bokitin nan aikina ne. In Umma ta jefa daddawa a miyar kuka, maƙwabtanmu 'yan Filifin sai su toshe ƙasan ƙofarsu da tawul, wata Bagana kuwa da ke hawa na biyu sai ta hauro da kwanonta tana shewa.

A lokacin da nake ba da labari gidan nan ba lafiya. Shekarar da kasuwar Dubai ta karye, kaya suka tsaya, aka sallami Baffa daga aiki na wasu watanni, Abba shi kaɗai ya riƙe gida biyu da bizar mutum shida. Da abin ya kai masa wuya sai ya aika gida a ɓoye aka sayar da maƙerar mahaifinsu, filin da rumfar da duk abin da ke ciki, bai gaya wa kowa ba. Bayan shekara biyu wani ɗan kasuwa daga Yawuri ya zo cin tuwo gidanmu, yana cikin suɗe hannu ya ce, "Ai shagunan da aka gina a maƙerarku sun yi kyau." Baffa ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya shige bayan labule. Bai yi faɗa ba, bai yi zagi ba. Kowace safiya yana tsayawa a bakin labule ya ce, "Ina kwana, Yaya," Abba ya ce, "Lafiya lau, Isiyaku," shi ke nan an gama maganar ranar. Aka raba musu kwanon abinci. Sannan Baffa ya faɗa wa Umma, ba Abba ba, cewa da an rufe makaranta zafi ya shigo zai kwashe iyalinsa ya koma gida gaba ɗaya. Ni abin da na gane shi ne za a ɗauke mini Nura, wanda muke tafiya makaranta tare muke raba biskit ɗaya, a kuma ɗauke mini Baffa. Na yi kuka a banɗaki har Anti Balki ta ƙwanƙwasa ta ce wasu ma suna son shiga.

A cikin wannan zaman ne jirgin ya zo. Baffa ya ga hotonsa ne a wata tsohuwar kalanda a ofishin shugaban aikinsu: baƙin jirgi mai doguwar bututun hayaƙi, jikinsa katako amma an lulluɓe shi da farantan ƙarfe, irin na farko-farkon da aka fara yi a duniya zamanin kakannin kakanninmu. Mai sulke, in ji Baffa. Tambayar da ta hana shi sakat ita ce, da a ce mu muka riga Turawa fa? Sai ya ce mu ɗauka kakan kakanmu na zaune wata rana yana kallon tukunyar matarsa, ya ga tururi na ɗaga murfi yana rawa, ya ce lallai abin da ya ɗaga murfi zai iya tura jirgi. Sarkawa suka sassaƙa masa gangar jiki da manyan itatuwa. Maƙeran Yawuri suka narka tama dare da rana, suna buga faranti ɗaya bayan ɗaya. Aka aika Bida aka kawo masu aikin tagulla suka yi bututai, dukawan Kano suka ɗinka zugazugi da fatar shanu goma. Aka sa wa jirgin suna Dorina. A tsakiyarsa aka kafa uwar maƙerar gidanmu, wannan ƙaton ƙarfen da ake ɗora aiki a kai ana duka, domin in wani abu ya karye a hanya a gyara nan take. Niyyar Dorina ta gangara Kwara har Lokoja, inda koguna biyu suka haɗu, ta tsaya a tsakiya ta jira Turawa. In suka harbo, harsashi ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Dole su cire hula su yi sallama, su sayi abin da suka zo saye su juya.

Wallahi ban taɓa ganin mai ba da labari kamar Baffa ba. Mutum ne siriri, idanunsa kullum ja saboda hasken walda, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi. Amma in ya fara, da jikinsa duka yake yi. Ya kumbura kumatu ya zama tukunyar tururi, ya buga cinya ya zama guduma, ya maƙe murya ya zama Bature mai neman izini da gurɓatacciyar Hausa har Anti Balki ta ƙware da shayi. Kuma bai taɓa barin labarin ya tsaya a yaƙi ba. Ya ce da Dorina ta yi nasara, da yanzu Yawuri ce babbar tashar jiragen duniya, da Larabawa ne ke bin layi cikin rana suna neman bizar zuwa wurinmu, da jirgin ƙasan nan mai tafiya ba direba a bakin Kwara aka fara shi. Nura ya tambaya ko su ma za su raba falo da katako in sun zo. Baffa ya ce a'a, mu muna da mutunci, za mu ba su ɗakin soro. Sai da na girma na gane mutumin nan zuciyarsa a ƙone take a lokacin, amma maimakon ya zuba mana ɗacin sai ya mayar da shi abin da za mu yi dariya.

Mu kuwa muka ɗauki Dorina muka hau da ita rufin bene. In mun dawo makaranta, na shanya wa Umma wanki, Nura ya sauke shara, mun karɓo burodin kubus mai zafi wurin Ba'afganen da ke gasawa a bakin layi, sai mu haura can tsakanin tankunan ruwa da injinan esi. Katan ɗin firji ne jirgin, muka manna masa marafan gwangwanin madara a matsayin sulke, tsohon bututun wanki ya zama na hayaƙi. Yaran benen duka suka shigo, 'yan Sudan da 'yan Kerala da ɗan Baganar nan, kowa na son ya zama maƙerin Yawuri, babu mai son zama Bature sai an yi ƙuri'a. A makaranta malamar tarihi ta ce kowa ya zana wani abu na ƙasarsu, na zana Dorina da hayaƙinta har ya fita daga takardar. Ta tambaye ni a wace shekara aka yi wannan, na ce mata ba a yi ba tukuna.

Abba da farko shirme ya kira abin. Shi mutum ne mai gajeriyar magana, waya biyu a hannu, rabin zancensa Larabci da Turancin kasuwa. Amma allon katako ba ya tare murya, duk abin da Baffa ke faɗa yana shiga kunnensa. Wata rana da yamma yana zaune yana cin dabino, Baffa na can yana bayanin yadda Dorina ke gudu kwana da kwanaki ba tsayawa, sai na ga Abba ya yi tsaki. Ya yafito ni ya ce, "Uwata, je ki tambayi Baffanki, wutar jirgin nan da me ake hura ta? Gawayin a ina ya loda shi?" Na ruga na ɗaga labule na faɗa. Na ga gefen bakin Baffa ya motsa. Ya ce in koma in ce akwai kwalekwale goma a baya ɗauke da gawayin ƙirya. Abba ya ce in ce masa kwalekwale goma ba za su bi jirgi mai tururi ba, sai dai a ajiye gawayi a garuruwan bakin ruwa tun kafin a tashi, kuma a sami amintaccen wakili a kowane gari. Ikon Allah! Mutanen da suka yi watanni ba su haɗa zance ba, ga su suna gardama a kan gawayin jirgin da babu shi.

Daga ranar na zama 'yar aike, kuma ni kaɗai ce zan iya, don ni ce ba wanda zai kora. Abin dariyar shi ne suna jin juna sarai. Wani lokaci kafin in kai labule Baffa ya riga ya shirya amsa, amma sai ya jira na faɗa, ya ce, "To, Uwata, koma ki ce masa." Abba ya ce an loda kaya gefe ɗaya, jirgin zai kife, aka gyara lodi. Ya ce wa zai ciyar da masu zuga, aka ƙara buhunan gero da mata masu tuwo. Baffa ya ce sulken gaba sai ya kai kaurin tafin hannu, Abba ya ce shwaiya shwaiya, a hankali, nauyi fa, Baffa ya ce mai kago ya tsaya a kagonsa ya bar maƙeri da ƙarfensa. Na kai wannan saƙon ina ɗari-ɗari, sai na ji Abba ya yi dariya ta hanci, irin wadda na daɗe ban ji ba. Umma da Anti Balki suna kicin suna taɓa juna da gwiwar hannu. Na sa rai ƙwarai. Amma ko da wasa babu wanda ya ambaci maƙera ta gaskiya, kuma ranar tafiya na ta matsowa. Baffa ya ajiye aiki. Abba, ba tare da ya ce uffan ba, ya turo yaran ofishinsa da katan-katan da salatif, suka ɗaure kayan Anti Balki ɗauri mai kyau irin na masu sana'a. Ganin sunan Yawuri a jikin katan ɗin nan ya fi komai tsaya mini a rai.

Juma'ar ƙarshe kafin tafiyarsu zafi ya riga ya sauka, ba a fita ko'ina. Bayan la'asar muna zaune a kan katan-katan a gefen su Baffa, na ce ya ƙarasa mana, Dorina ta isa Lokoja ko ba ta isa ba. Ya shafa kai ya ce ta iso duwatsun Busa, inda ruwa ke gudu a tsakanin duwatsu, ga rani ya yi, ruwa ya ja baya. Jirgin ya yi nauyi da sulke da gawayi da gero da jama'a, cikinsa ya zauna a kan dutse, katako ya tsage, ruwa ya fara shiga. "Nan ta tsaya, Uwata," in ji shi. "Khalas, shi ke nan. Ba kowane jirgi ke isa ba." Nura ya fashe da kuka. Ni haushi ne ya kama ni, na ce ban yarda ba, na bankaɗe labule na je gaban Abba na tsaya, na faɗa masa ƙaninsa ya kashe mana jirgi.

Wayar Abba ta yi ta ƙara a kan tabarma har ta gaji bai ɗauka ba, abin da ban taɓa gani ba. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma na san ta tsallaka katakon. Ya ce, "Je ki ce masa mai jirgin ya duba ya ga mata da yara a ciki, ga ruwa na hawa. Ya duba abin da ya fi komai nauyi, ya ga uwar maƙerar mahaifinsa ce. Ya ɗauka ya jefa a ruwa, jirgin ya taso. Ki ce masa har yau mai jirgin bai daina jin nauyinta a hannunsa ba."

Ina 'yar shekara tara, amma na san wannan ba maganar Dorina ba ce. Na je na maimaita kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Anti Balki ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Baffa ya sunkuyar da kai yana murza tabon da ke bayan hannunsa. Sannan ya ce, "Ki ce masa ya yi daidai. Ko ni ne, ita zan jefa. Amma ƙaninsa na cikin jirgin nan, ba a kira shi ba. Uwar maƙera ba kayan mutum ɗaya ba ce. Da ya kira ni, da mun kama tare."

Na juya zan kai saƙo, sai na yi karo da cikin Abba. Yana tsaye a bakin labule, ya riƙe shi da hannu ɗaya. A gidanmu babba ba ya taka ƙafa zuwa wurin ƙarami don ba da haƙuri, sai dai a kira ƙaramin a yi masa nasiha a ce ya wuce. Abba ya shigo, ya wuce kujerar da ke wurin, ya durƙusa a ƙasa gaban ƙaninsa ya ce, "Isiyaku, ka yafe mini." Baffa ya zabura kamar ya taka garwashi, yana "Subhanallahi, Yaya, tashi, don Allah tashi," yana jan sa, shi ma ya zube ƙasa. Iyakar abin da na gani ke nan, don Umma ta damƙo ni da Nura ta tura mu waje, wai mu je mu sayo kubus, alhali akwai kubus cike da leda a kicin. Muka yi ta zagaya layi cikin zafin nan, muna tsoron komawa da wuri. Da muka dawo tun daga matakala muke jin muryoyinsu sama-sama, na ce faɗa ne. Ashe musu suke, idanu jawur, baki da baki ba ɗan aike, a kan ko Dorina za ta kai Lokoja kafin ruwan sama ya sauka. Anti Balki na durƙushe a gefe da wuƙar yanka albasa tana farke salatif ɗin katan.

Ba su tafi ba. Baffa ya sami wani wurin walda, muka ƙara shekara uku a fulat ɗin nan, har 2015 da muka tattara gaba ɗaya muka dawo gida a jirgi ɗaya. Yanzu kowa da gidansa da katangarsa da ƙofar ƙarfe. In 'yan'uwa sun saɓa, sai wani ya fice daga zauren dangi na waya, a yi shekara ba wanda ya ji ko tarin wani, balle tsakinsa ya ba shi haushi har ya tanka. Nakan tuna allon katakon nan da muke rainawa, wanda bai iya ɓoye komai ba. Abba ya rasu shekara biyu da suka wuce. Da Sallar bana na kai 'ya'yana Yawuri, na roƙi Baffa ya ba su labarin Dorina. Ya gyara zama, ya kumbura kumatu, ya kai har wurin lodin gawayi, sai ya tsaya yana kallon ƙofa. Ya ce, "Uwata, bar shi. Yanzu duk abin da na faɗa ba mai musa mini." Ban sake roƙonsa ba.